Ranar da Na Dafa Jarumin Fim

Allah ya sani, taimako na yi niyya. Ina tuƙa kwale-kwale a Ruwais, wani gari a bakin teku, sai wani Bature mai ɗaukar fim ya ɗauke ni aiki. Kullum sai ya goya tukunyar iska ya nutse da kyamara, har ni ma ya koya mini.

Abin da ya ɗaure mini kai, sati uku yana ciyar da wani ƙaton kifi da hannunsa, bai kama shi ba. Na ce bawan Allah bai iya su ba ne, kunya ta hana shi faɗa. Ran Juma'a na nutse ni kaɗai, kifin ya kawo kansa, na kama shi, halas, magana ta ƙare.

Matata ta dafa shi da shinkafa. Na gayyaci Baturen ya ci, ya ƙara, sannan na ce, “Mista, mutuminka ne fa, na hutar da kai.”

Ya ajiye cokali yana kallon ƙashin. Na tambayi matata ko gishiri ya yi yawa. Ashe sabar wa kifin da kyamara Baturen yake yi, kifin ne jarumin fim ɗin. Aiki ya tafi.

Har yau in na shiga kasuwar kifi sai a ce, “Yalla, maza ku ɓoye 'yan wasa, ga darakta!”