Ta Tafi da Shafi na Arba'in da Ɗaya

Da zuciya cike da baƙin ciki, da wani nauyi kuma wanda ya girmi baƙin cikin, tsohon malamin tarihi, a madadin kansa da iyalinsa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutar gidansa. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburinta na kusurwar falo, tana da shekara ashirin da takwas.

Marigayiya ta shigo gidan a cikin kwalaye uku, a zamanin da ba a ganin irinta sai a manyan ofisoshi. Maƙwabta sun yi mako guda suna zuwa kallo, suna tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa. Fara ce sol a lokacin, kafin shekaru su mayar da ita launin tsohon haƙori. Idan aka kunna ta, takan ce "ɗit" sau ɗaya, sannan ta shiga "ƙurrr, ƙat-ƙat-ƙat" kamar dattijo yana gyaran murya, kuma kafin ta kimtsa mutum na iya tafasa ruwa ya sha shayi.

Duk wanda ya zauna da ita ya shaide ta da kamun kai. Ba ta taɓa bin kowa cikin ɗaki ba, ba ta taɓa katse wa baƙo magana ba, kuma da yake ba a taɓa haɗa ta da intanet ba, ba ta san kowa a waje ba balle ta kai tsegumi. A shekarar dubu biyu, da aka ce duk kwamfutocin duniya za su haukace, iyali suka taru da safe aka kunna ta daga nesa da tsinken tsintsiya. Ko tari ba ta yi ba.

Tun makonta na farko maiɗakin malam ta ɗinka mata riga mai kauri, mai aikin fulawa, wadda ta rufe ta ruf. Malam bai taɓa yarda a cire rigar daga akwatinta ba, ko tana aiki, domin a cewarsa ba a barin abu mai daraja tsirara a gaban baƙi.

Babban aikin da ta yi a duniya shi ne tarihin gidansu. Mahaifin malam, tsohon tela, ya yi shekara uku yana zuwa kowace Asabar, ya zauna a gefenta, ya gaishe ta da aiki, sannan ya yi ta ba da labari malam yana bugawa da yatsu biyu. Shafi sittin da uku suka tara.

A nan malam yake ganin ya wajaba ya faɗi abin da sanarwar rasuwa ba ta saba ɗauka ba. Yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya ƙi gadon keken ɗinki ya tafi tuƙin jirgin ƙasa, har mahaifinsu ya ce kada ya sake taka masa zaure. Da aka zo shafi na arba'in da ɗaya, tsoho ya ce:

"Rubuta cewa na yafe wa yayanka tun ranar da ya fita. Girman kai ne ya riƙe ni. Ka buga wannan a takarda ka kai masa."

Malam ya rubuta. Bayan wata biyu tsoho ya rasu. Sai dai malam, wanda shi ne ya zauna ya yi jinya, ya yanke farce, ya wanke tufafi, ya duba shafukan nan kaf bai ga sunansa ba sai a shafi na tara, inda aka ce ya taɓa ɓatar da almakashi. Saboda haka bai buga ba. Ya ce tawada ta ƙare. Ya ce takarda ba ta da kyau. Ya ce akwai kurakuran da za a gyara. Ƙanwarsu Auta, wadda ma'aikaciyar jinya ce kuma ba ta san abin da ke shafin ba, ta tambayi littafin har ta gaji, ta sa masa suna Malam Gobe, jikokinsa ma suka ɗauka. Haka aka yi shekara ashirin da ɗaya, Yaya yana can yana tsufa da tunanin uba ya tafi da fushinsa, marigayiya kuwa tana riƙe da maganar a cikinta, ba ta taɓa goranta wa malam ba.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. A makon jiya aka aiko cewa jikin Yaya ya yi nauyi. Malam ya sayo tawada, ya goge firinta, ya kunna marigayiya. Ta ce "ɗit", ta yi "ƙurrr" ɗinta, ta buɗe littafin har shafi na arba'in. Daga nan aka ji ƙaurin roba, hasken fuskarta ya tattaru ya zama ɗigo ɗaya a tsakiya, ɗigon ma ya tafi.

Mai gyara ya buɗe ta, ya ce rigar nan ta toshe mata kafar shan iska tun ranar da aka sa mata, kuma abin mamaki a wurinsa shi ne yadda ta kai waɗannan shekarun. Ya ce ƙwaƙwalwarta ta ƙone. Ya tambaya ko an taɓa kwafe littafin a faifai. Malam ya nuna masa kwalin faya-fayai, sabo fil, ko ledarsa ba a ɓare ba. Mai gyara ya mayar da sukurdirebansa aljihu.

Ta rasu ta bar firinta, wadda yau take cike da tawada karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya, ba ta da abin bugawa. Da madannai, waɗanda harufa huɗu suka goge a kansu. Da riga, wadda ko zare ɗaya bai ƙone a jikinta ba. Ta kuma bar malam, wanda saboda yawan buɗe shafi na arba'in da ɗaya a ɓoye, ya haddace shi har da waƙafi.

Ba za a yi zaman makoki ba. Ranar Alhamis da safe za a mayar da ita cikin kwalayenta na asali, waɗanda ke ajiye a kan kwaba tun zuwanta, a kai ta shagon mai gyara. Motar za ta fara biyawa ta gidan Yaya. Malam zai shiga shi kaɗai, ba takarda a hannu, ba mai shaida masa. An ba Auta makullin motar, da umarnin kada ta mayar masa sai ya faɗa wa Yaya saƙon, har da shekara ashirin da ɗayan da ya yi yana ɓoye shi.

Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su ce masa ba laifinsa ba ne.