Ranar da na wanke turkuɗi

Bayan tafiyar Faransawa da kaɗan na buɗe shago a Tamanrasset, can cikin Sahara, na kuma yanke hukunci cewa namiji ba ya bukatar tarin tufafi. Fararen riguna biyu masu ƙwari, wando biyu da rawanin turkuɗi mai ƙyalli sun isa kasuwa, masallaci da biki. Har wa'azin haka nake yi wa 'yan'uwana Damagarawa.

Wata Alhamis na zuba su duka a daro ɗaya don tattalin ruwa, daga ni sai mayafi. Maƙwabcina Aghali, Ba'abzine, ya leƙo ya ce, "Malam, ba a wanke turkuɗi."

Na ce, "Aghali, ni fa a bakin marina aka haife ni."

Shuni ya bar rawani ya koma riguna. Rawani ya koɗe kamar tsumma, riguna suka yi dabbare-dabbare. Na canji kuwa babu, ai ni na hana kaina. Haka na tafi Juma'a, liman kansa sai da ya waiwayo.

Har yau in ana biki, Aghali kan tambaye ni, "Malam, wace riga za a sa, shuɗiyar ko ɗaya shuɗiyar?"