Ƙirgen da Ya Watsa Taron Bappa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, don mutanen unguwarmu, Wuro Hausa, sun ɗauki alkawarin tuna mini. Har gobe in na bi ta layinmu sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Goma-Tara, an fito?" Ni kuma in amsa, tunda da hannuna na saya wa kaina sunan.

Abin ya faru ne a shekarun nan na zaman ɗar-ɗar, lokacin da 'yan gudun hijira suka cika Yola da Jimeta, ana caje mutum a ƙofar masallaci da ta coci, kowa na satar kallon jakar na kusa da shi. Ni kuwa kamar ba a garin nake ba. Na gama karatun lantarki, na gama bautar ƙasa, ba aiki, sai kwamfuta da girman kai.

Bappa Hammadu, wan mahaifina, shi ya riƙe mu tun rasuwar babanmu. Shi ne shugaban manoman rani na bakin tafkin Njuwa, masu albasa da tumatur da alayyafo. Mutum ne mai tsadar magana, yabo kuwa sai dai ka ji ana yi a gidan wasu. Wata rana na ce masa zan haɗa akwatin da zai riƙa jin bushewar ƙasa, ya kunna injin ban ruwa da kansa, ya kashe da kansa. Ya saurara har na gama, ya ce, "To." Ba a jima ba na ji shi a zaure yana ce wa baƙi, "Injiniyanmu yana haɗa mana wani abu." Ashe har ya faɗa a taron ƙungiya, ya ce shi ya tsaya mini. Mutumin da bai taɓa sa bakinsa a kan abin da bai gani ba, ya ɗauki mutuncinsa ya ɗora a kan akwatina.

Bari in ɗan yi bayani, don a ga inda na haƙa wa kaina rami. A cikin akwatin akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa da ba ta wuce farcen babban yatsa ba. A cikinta ake zuba wani ƙaramin tsari mai raba aiki, wannan ya kula da ma'aunin danshi, wancan ya kula da famfo. A kan tsarin kuma na so in ɗora abin da ni da abokina Bulus muke kira tafinta. Amfaninsa shi ne, maimakon ka sake gina komai daga tushe duk lokacin da ka canja shawara, sai ka rubuta 'yan umarni cikin sauƙaƙan kalmomi, ka tura ta waya daga kwamfuta, tafinta ya karanta ya aiwatar nan take.

Sai dai tafintan ba a sayen sa a kasuwa, kai za ka gina shi tare da tsarin. Akwai fayil ɗin zaɓi, kowane layi yana tambayarka ko kana son kaza, ka ce e ko a'a. Ni kuwa na yi ta cewa e, kamar mayunwaci a gidan biki. Na sa a gina, kwamfuta ta yi ta nishi, daga ƙarshe ta ce babu wuri. Na cire wannan, babu wuri. Na cire wancan, saura kaɗan. Sai idona ya faɗa kan ma'ajiya, wato inda tafinta ke adana umarnin da ka tura masa don kada ya manta in an kashe shi. Na mayar da ita a'a, gini ya tafi sumul, na miƙe ina taka rawa a ɗakin Bulus da ke unguwar Alkalawa (a can muke aiki, don gidansu akwai sola).

Bulus ɗan wajen Numan ne, ajinmu ɗaya a jami'a, kuma ba ya iya ganin abu ya yi shiru. Ya leƙo ya ce, "Mutumina, ma'ajiya ka cire fa. In wuta ya ɗauke, me zai tuna?"

Na ce, "Zan mayar daga baya."

Allah ya isa tsakanina da "daga baya".

Akwai kuma wani abin da na manta shi ɗungurungum. Tun a ginin farko na dunƙule wani ɗan gwaji a jikin tafintan, wanda zai tashi da shi in bai sami wani umarni ba. Na sa wa akwatin lasifika don manoma su ji da kunne, ba sai sun karanta ba, to gwajin shi ne ya ƙirga da muryata daga goma zuwa ɗaya, jar fitila na ƙiftawa, don in sami damar rugawa in riƙe tiyo kafin famfo ya tashi. Ranar da na ɗauki muryar mura nake yi, ta fito a daƙushe kamar ta mai magana daga cikin rijiya. Da yake kullum ina tura sabon umarni ya danne gwajin, sai ya fita daga raina.

Ga kuma shigar da na yi wa akwatin. Tsohuwar kular abinci ce ta roba, na naɗe ta da baƙin salatif, wayoyi ja da baƙi sun leƙo ta gefe, ga batirin babur a ɗaure. Dada, mahaifiyata, ta dube shi ta ce, "Wannan abin naka bai yi kama da abin arziki ba." Na yi dariya irin ta masu digiri.

Ranar nuni, bayan la'asar, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Bappa. Tun da hantsi na tura umarnin, na ɗauko akwatin a kunne, ina lallaɓa shi kamar ƙwai. Manoma suka taru, kowa ya tuɓe takalminsa a bakin tabarma. A gefen mata akwai Mama Rifkatu, wata dattijuwa da ta gudo daga wajen Michika, Bappa ya ba ta aron 'yar kadada take noma alayyafo. Ita kaɗai take ban ruwanta da bokiti, ga ciwon baya, don haka ta fi kowa matsowa gaba.

Wallahi da farko abin ya yi kyau. Na soka ma'auni a tukunyar busasshiyar ƙasa, akwati ya ce da tattausar murya, "Ƙasa ta bushe, ana ba da ruwa." Ɗan famfo ya zuƙo ruwa daga baho ya jiƙa tukunya, ya tsaya da kansa. Aka yi ta gyaɗa kai. Na saci kallon Bappa, na ga yana shafa gemu, kaina ya ƙara girma.

Sai wani dattijo ya ce, "To ɗana, in batir ya mutu aka canja fa? Sai mun nemo ka?"

Mai hankali zai ce wannan ɓangaren da saura. Ni kuwa na ce, "Baba, ai wannan ba ya mantuwa. Ku duba ku gani." Na zare wayar batir, na ɗaga ta sama kowa ya gani, na mayar. Daidai lokacin da waya ta taɓa ƙarfe na hango Bulus a bayan taro ya dafe kai, ni ma a lokacin na tuna.

Jar fitila ta ƙifta. Muryar rijiya ta ce, "Goma."

Kowa ya zuba wa akwatin ido.

"Tara."

Ban san wanda ya fara salati ba. Na dai ga tabarmi suna tashi, na ga dattijon da ya zo da sanda ya haura katangar maƙwabta ya bar sandar a ƙasa. Mai shayin bakin layi ya bar tukunyarsa a kan wuta. Ni kuwa, maimakon in sake zare waya (abin da ɗan firamare zai yi), sai na sungumi akwatin na nufi mutane da shi ina cewa, "Ku tsaya, gwaji ne, ku tsaya in nuna muku." Ka ji wauta. Mutum ya riƙo baƙar kula mai wayoyi tana ƙirge, yana bin jama'a, wai su tsaya ya yi bayani.

Bappa kaɗai bai motsa ba. Shi dai ya ce namiji ba ya gudu a ƙofar gidansa, amma Goggo, matarsa, ta tsegunta mini daga baya cewa gwiwoyinsa ne suka ƙi. Akwati ya ce, "Ɗaya." Famfo ya tashi, tiyon da ba wanda ya riƙe ya yi wutsil-wutsil, ya saita Bappa, ya wanke shi tun daga hula har babbar riga.

Kafin in gama kashewa 'yan banga sun iso da gora da bindigar toka, sun zagaye ni. Bappa ya miƙe ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya shiga tsakaninmu. Ya ce, "Ɗana ne. Ba shi da mugunta, hankali ne ya yi masa ƙaranci." Bai ce injiniya ba. Da sun maka mini gorar da ya fi mini sauƙi.

Da suka tafi ya juya harshe zuwa Fillanci, abin da ba ya yi da ni sai ransa ya ɓaci. Bai zage ni ba. Ya nuna takalman da aka bari jere a bakin tabarmi, ya ce in zuba su a buhu, in kai wa kowa nasa har gida, in ba shi haƙuri da bakina.

Washegari na saɓa buhu na shiga gari. Wasu suka yi dariya har da riƙe ciki, wasu suka wanke ni tas, wani ya karɓi takalminsa ta bayan ƙyaure ya ce in tsaya daga nesa. Duk na shanye, har na fara ganin abin zai zama labarin dariya. Sai ya rage silifas shuɗi a gindin buhu, an ɗaure maɗaurin ɗaya da waya.

Na sami Mama Rifkatu a ɗakin da take haya a Jimeta, ta tsoma ƙafafunta a roba mai ruwan ɗumi da gishiri. Ashe ita ba ta tsaya a bakin layi kamar sauran ba, gudu ta yi ta yi har babban titi, kwalba ta yanke ta ba ta ma sani ba. Na durƙusa na ajiye takalmin, duk jawabin da na tsara ya gudu. Na ce, "Mama, ki yafe mini."

Ta ɗauki silifas ɗin ta jujjuya. Sannan ta ce, "Wancan karon ma a hanya na bar takalmina. Ba wanda ya kawo mini. Kai ka kawo."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Kunya iri-iri ce, amma irin ta ranar ban taɓa jin ta ba, don a nan na gane cewa abin da ni nake kira gwaji, ita ta riga ta ga na gaskensa.

Da zan tafi ta ce, "Abin naka yana ba da ruwa dai ko? To ka kawo gonana, bayana ya gaji. Amma ka hana shi lissafi."

Na koma ɗakin Bulus na buɗe fayil ɗin zaɓi, na mayar da ma'ajiya, na cire tarkacen burgar da na cusa, sai ga wuri har da saura. Na goge ƙirgen, na sami farar roba mai haske wadda ake ganin cikinta. Ƙungiya dai ba ta sake kirana ba, kuma ban ga laifinsu ba. Kadadar Mama Rifkatu kaɗai akwatin ya shayar a ranin nan, Bappa kuma ya kan bi ta wurin ya tsaya ya duba, ya wuce. Sai bayan an kwashe alayyafo na ji ya ce wa wani baƙo, "Yaron nan namu yana ɗan taɓa lantarki." Daga injiniya zuwa mai ɗan taɓawa, na karɓa da hannu biyu.

Yanzu aikina ke nan, ina kuma koya wa ɗalibai. Darasin farko da nake ba su shi ne, kafin ka nuna wa jama'a abin da ka haɗa, ka kashe shi ka kunna kai kaɗai, ka ji da me yake farkawa, sannan ka nuna wa mahaifiyarka ta gaya maka da me ya yi kama. Duk akwatin da ya fita daga hannuna yau, in aka kunna shi sallama yake fara yi. Ni dai har yanzu Goma-Tara nake.