Rasuwar Babbar Filta ta Gidan Fiyawata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Nelson Shekari, mai kula da inji a gidan fiyawata na Madam Larai da ke Narayi, nake sanar da rasuwar Babbar Filtarmu. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata, tana da shekara biyu da wata huɗu. Mai gyara ya ce irinta kan kai biyar.

Marigayiyar mai kunya ce. Duk zamanta cikin farin bututu ta yi shi, fata uku a naɗe, ta saman ko kaurin ɓawon albasa ba ta kai ba. Gishiri, tsatsa da duk dattin ruwan bohol, ita ke tarewa. Ba ta da magana sai sssss. In ta gaji, tik, tik.

Ciwon ajali da damina ya fara. Ta toshe, ruwa ya koma ɗiso. Madam ta ce dauɗa ce kawai, a jiƙa ta da bilic yadda ake yi wa farar rigar 'yan kwayar coci. Ni na zuba. Da hannuna. Ban san bilic cin fatarta yake ba.

Washegari ruwa ya ɓarke da gudu. Madam ta ɗaga hannu sama, wai mu'ujiza. Ba warkewa ba ce. Hujewa ta yi. Abin da ta shekara biyu tana tarewa, yanzu wucewa yake ba sallama.

Ta rasu ta bar famfo, tanki biyu, da injin liƙe leda wanda har yau bai ji labari ba. Ta kuma bar ruwan da ya fita tun Laraba zuwa unguwannin Television da Nasarawa, har teburin Anti Edith a ƙofar firamare, inda yara ke saya. Ruwan fes yake a ido. Jiya Debby, autar Anti Edith, ba ta je makaranta ba. Ciwon ciki ne, in ji uwarta. Ban san ko mu ne ba. Na dai kasa haɗa ido da uwar.

Madam ta ce a ci gaba da aiki, sabuwa na hanya daga Legas. Na san irin wannan hanyar.

Jana'iza: Asabar, ƙarfe goma na safe. Zan zaro gawar in kwantar da ita a bakin get, kowa ya gani. Ba waƙa, ba shinkafa. Duk mai ruwanmu a gida ya tafasa kafin ya sha. Fis ɗin injin, wanda in babu shi inji ba ya tashi, yana aljihuna, tare za a binne su, ko da aikina ne zai zama na uku a ramin.