Ranar da Na Ɗora wa Fanka Laifi

Ko da zan manta komai na shekarun da na yi ina sakatariyar ƙungiyarmu, ba zan taɓa mantawa da ranar da Madam Ifeoma ta zo duba mu ba. Har yau in na tuna sai in rufe fuska ni kaɗai, sannan kewar garejin nan ta kama ni.

Ƙungiyar ta koya wa matan aure karatu da rubutu ce, a garejin Alhaja Sikira a Fagge. Su biyu suka kafa ta: Alhaja, Bayarabiya haihuwar Fagge, da aminiyarta Hajiya Uwani. Tun suna 'yan mata suke tare, shagunansu ma a kasuwar Singa suna kallon juna. Ni kuwa an ba ni sakatariya ne don ina da takardar koyarwa (kuma don ban iya cewa a'a ba).

Sai saɓani ya shigo. Hajiya Uwani ta ce a buɗe aji a unguwarsu, Rijiyar Lemo. Alhaja ta ɗauka dabara ce ta raba ta da ƙungiya. Shi ke nan suka daina yi wa juna magana. Ba su daina zuwa ba fa, kowace za ta zo ta hakimce a kujerarta, ni ce wayar da ke tsakaninsu.

"Sakatariya, gaya mata alli ya ƙare."

"Sakatariya, ce mata na ji."

Alhali in ɗaya ta miƙa hannu za ta taɓa ɗaya! Ɗalibai suka rabu gida biyu, wasu suka fara janye jiki. Hankalina ya tashi, na ga ƙungiya za ta mutu a hannuna.

A wani taron bita na ji ana cewa akan ɗauko ƙwararre daga waje ya gyara wa ƙungiya tsari. Aka ba ni lambar Madam Ifeoma, 'yar Sabon Gari, wadda aikinta ke nan. Na kira ta na zazzage mata cikina kaf, har da ƙwalla. Ta saurare ni, sannan ta ce da Hausarta tar, "Ba na karɓar aiki sai na ga ko kun shirya. Zan zo in zauna da ku tukuna." Su Hajiya kuwa ce musu na yi wata baƙuwa za ta zo ta ba mu shawarar ci gaba (ba ƙarya na yi ba, rage gaskiyar kawai na yi).

Ni a wautata, shiri shi ne shara da abinci. Muka wanke gareji tas, aka yi hayar kujeru, ɗalibai suka yi anko. Alhaja ta tuƙa amala da miyar ewedu. Hajiya ta ji labari, ta ce ba za a fi ta ba, ta iso da waina da miyar taushe. Har janareta na aro don kada wuta ta ba mu kunya.

Madam ta sauko daga adaidaita sahu, ba jaka ba tarkace. Ta gaida kowa, ta ci na Alhaja ta ci na Hajiya, ta wanke hannu, sannan ta ce, "To, wace matsala ce kuke so in taimaka muku a kai?"

"Matsala?" in ji Alhaja. "Lafiya lau muke, alhamdulillahi."

"Sai godiya," in ji Hajiya. "Madam, ƙara waina."

Ta juya ga ɗalibai, suka haɗa baki, "Lafiya ƙalau!"

A nan na gane abin da ban yi lissafinsa ba. Mu ba a yi mana tarbiyyar faɗa wa baƙo damuwar gida ba. Ko kan gadon asibiti kake, aka ce yaya jiki, da sauƙi za ka ce. Ga shi na ɗauko matar da ba ta da aikin yi sai an ce mata ba sauƙi.

Sai ta dubo ni. "Sakatariya, ke kika kira ni. Me ke damun ƙungiyar?"

Alhaja ta zuba mini ido ta dama, Hajiya ta hagu. Matan nan sun haife ni. Kawai sai na ji muryata tana cewa, "Fanka ce, Madam. Fankarmu ba ta aiki."

Kowa ya ɗaga kai sama. Fanka tana ta juyi abinta da ƙarfin janaretan da ni na aro, har mayafin Hajiya tana kaɗawa. Wata ɗaliba ta toshe baki, dariyar ta fito ta hanci.

Madam ta ce a hankali, "Fanka ce ta sa ki kuka a waya?"

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Madam ta miƙe ta ce, "Ba ku shirya ba, kuma ba laifi ba ne. Ni ba zan iya gyara abin da kowa ya ce lafiyarsa lau ba. Ranar da kuka iya faɗin damuwarku a gaban juna, ku kira ni." Ta yi sallama ta tafi (an dai ƙulle mata waina a leda).

Ko ƙofa ba a rufe ba Alhaja ta taso mini. "Kuka? Kika je kika yi wa bare kuka a kanmu?"

"Sikira, kin ga yarinyar nan?" in ji Hajiya.

"Na gan ta, Uwani! Tonon silili!"

Ina tsaka da shan faɗa na lura sun kira sunan juna. Suka haɗu suka wanke ni tas. Garin nuna mini cewa babu wata matsala, Hajiya ta ce ai maganar Rijiyar Lemo ce kawai, kuma ita ba ta taɓa cewa a bar gareji ba. Alhaja ta ce to me ya hana ta faɗa tuntuni? Suka ja kujeru suka fuskanci juna, aka yi ta har kiran magariba. Ni aka manta da ni a lungu da kwanon amala mai sanyi.

Daga baya su da kansu suka kira Madam, ta karɓi aikin, aka buɗe aji na biyu. Yanzu Alhaja ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, ƙungiya kuma ta koma ofis mai kyau. Amma ni faɗan nan nasu nake kewa, yadda ɗaya ke fara zagina ɗaya ta ƙarasa.

Abin da na koya shi ne, kafin a ɗauko ƙwararre, a fara tabbatarwa akwai mai iya cewa "ba lafiya ba" a gaban manya. In babu, to sai an sami wadda za ta sha kunya a madadin kowa. Ni dai na sha tawa, a nemi wata.