Akwatin Gara Mai Haɗin Yatsu

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar matata a Geza ba, kuma ko da na so in manta, dangin matata sun ɗauki nauyin tuna mini kyauta.

Ni kafinta ne a Bagudo, na gado. A shekarar ne na sayi injin rauta, wanda ake ɗaura wa baki yana fafe katako, sai na fara jin sauran kafintocin garin duk masu ƙera turken awaki ne. Na ga bidiyon wani haɗi a waya da ake kira haɗin yatsu: a yanka gefen allo haƙora-haƙora, a yanka na ɗayan, su shige juna kamar mutum ya sarƙe yatsun hannayensa. Sharaɗinsa guda ne, faɗin bakin inji ya zo daidai da faɗin yatsan da aka bari. (Mai bidiyon ya nanata wannan, amma lokacin ina can ina tunanin irin yabon da zan sha.)

Da aka sa ranar biki, na je gaban surukina, Baba Alhaji, na durƙusa na ce akwatin garar amarya ni zan yi, kuma ba za a buga masa ƙusa ko ɗaya ba. Ya dube ni ya ce, "To, Allah shi taimaka." Matata ta ce a hanya, "Baban Amira, da ka yi irin wanda ka saba." Na ce mata harkar fasaha ba ta kowa ba ce.

Bakin da ya zo da injin ya dakushe, sai na bi wani ɗan acaɓa ta Tsamiya muka ƙetara Benin, inda aka ce kayan aikin Turai na kwance. Ma'aunina na inci ne, rabin inci nake nema. Mai shagon kuwa milimita ya sani, ga shi Dendanci da Faransanci kawai yake ji. Ya baje mini bakuna a faranti. Akwai wani baƙi marar fasali da yake ta turo mini, akwai wani mai ruwan gwal yana sheƙi. Kun san wanda na ɗauka. Ya ɗaga shi ya ce, "Katos," ya ware yatsu yana nuna mini ya fi faɗi. Ni da ban san ko gaisuwa ce ba, na gyara tsayuwa na ce, "Wi, wi." Daga baya aka fassara mini cewa milimita sha huɗu yake nufi, wato ya ɗara rabin inci.

Na dawo na hau katakon maɗaci mai kyau kai tsaye, ko gwaji ban yi a kan guntu ba. (Gwani ba ya gwaji, ai.) Da na zo haɗawa, yatsun suka shige juna ba gardama, har suna rawa a ciki kamar ƙafar yaro a takalmin babansa. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa na kwaɓa garin katako da gam na cuccusa a ramukan, na goge, na shafa fenti mai ƙyalli. Wallahi ya yi kyau. Har hoto na ɗauka na watsa a zauren dangi na waya.

Ranar kai gara, bayan la'asar, mata suka shaƙe akwatin: alkaki, nakiya, dubulan, ƙwaryar man shanu da Fulanin Kurgu suka kawo gudummawa, da jarkar manja a tsaye a kusurwa. Aka ɗora a bayan mota zuwa gidan ango. Ƙofar gidan cike, dangin ango a tabarmi, Baba Alhaji a kujera tsakiyar dattawa. Samari suka taso za su sauke, na hana, na ce za su kuje fentin. Na kira yayan matata, Sani, ya kama gefe, ni na kama gefe, ina sanye da farar shaddata ta sallah. Ina tafe da baya ina yi wa jama'a bayani: "Ku duba da kyau, babu ƙusa. Katako ne ya riƙe ɗan'uwansa."

Sani ya ce a hankali, "Kai, wanga abu shina motsi hwa."

Na ce, "Haka fasahar take, tana numfashi."

Sai na ji ƙas. Gefen da ke hannuna ya biyo ni, gefen Sani ya bi shi, sauran akwatin ya zauna a ƙasa ya buɗe ta ko'ina. Alkaki ya gangara har ƙarƙashin kujerar dattawa. Ƙwaryar man shanu ta kife. Jarkar manja kuwa ta zaɓe ni, ta zuba daga gwiwata har takalmi. Na tsaya riƙe da allo guda a ƙirji, haƙoransa a waje, kamar shi ma dariya yake mini.

Kaji suka fara hidimarsu a kan alkakin. Wata gwoggon ango ta ce, "Shi ne mijin babbar?" Aka ce mata shi ne. Ta ce, "Allah sarki."

Baba Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya sunkuya ya ɗauki alkaki ɗaya, ya hure ƙasar, ya ce, "Gaskiya ya hwaɗi, jama'a. Na duba, babu ƙusa."

Nan dariya ta ɓarke, har da masu tari. A fanteka aka kwashe abin da ya tsira. Da muka iso gida matata ta tambaye ni ko shaddar ma numfashi take.

Na sake akwatin daga baya da bakin da ya dace, yana nan a ɗakin amarya har yau, ba wanda ya taɓa zancensa. Abin da na koya dai shi ne, duk abin da ka ƙera da hannunka, bari wani ya ɗauka. Kai ka tsaya can nesa, inda in ya watse za ka iya girgiza kai ka ce samarin yanzu ba su iya ɗaukar kaya ba.