Wake Huɗu a Ƙwarya Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da baƙi suka zo ɗaukar wake a gidana. Ko na so in manta, matan Gidan Sori ba za su bar ni ba.

Abin ya faro ne daga jikana Habu. Tun da aka yaye shi ya ƙi kumari, wuya kamar sillen kara. Duk zuwa likita, in an naɗa masa abin awo a dantse, sai ya tsaya a kan launin rawaya, alamar rama. Ba shi kaɗai ba, yaran unguwarmu da yawa haka suke. Gab da faɗuwar damina sai wata ma'aikaciyar gona, Madam Hadiza, ta tara mu mata. Ta ce wake duk wake ne a baki, amma a jiki ba ɗaya ba ne: wani ya fi gina jiki, wani ya fi ƙara jini. Ta zo da iri huɗu, biyu farare biyu jajaye, kowane a ƙullinsa. Mace ɗaya za ta shuka a gamanarta, 'yar gonar da take nomawa ta kanta, in an yi roro a kai Maradi a auna. Wanda ya fi, a raba mana irinsa mu riƙa yi wa yara kunu.

Ni na fara ɗaga hannu. (Ni da ko kasuwar Cadakori sai an ja ni ja, ban san abin da ya hau kaina ba.) Madam ta shiga bayanin yadda za a shuka, sai dai a bayana maƙwabciyata Hajo tana raɗa wa wata labarin rigimar da aka yi a gidan biki. Kunnena kuwa, Allah Ya yi shi mai jin raɗa fiye da magana.

"Inna, kin gane?" in ji Madam.

"Ɗiyata, tun ba a haife ki ba nike shibka wake."

Da na koma gida na yi yadda uwata take yi, yadda tata uwar ta yi. Mu ba mu shuka iri ɗaya shi kaɗai. Haɗawa muke, in ruwa ya yaudari wannan, wancan ya tsira. Na kwance ƙullin nan duka, na juye a ƙwarya, na yi bismilla na cuɗa da hannu. Maigidana yana gyaran hauya ya ɗago kai.

"Ke, ba daban-daban anka ba ki su ba?"

"Malam, ka ji da hatsinka."

Waken kuwa ya yi kyau, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ni da ba na fita, har na koma zuwa gona safe da yamma ina yi masa kirari.

Bayan kaka sai ga mota a ƙofar gida. Madam ce da maza biyu daga buro, wato ofishinsu na gona. Matan unguwa sun cika tsakar gida, surukata Rabi tana goye da ɗanta Habu. Madam ta jera jakunkuna huɗu a kan tabarma, kowace baki buɗe. Na fito da babbar ƙwaryata a ka, rufe da sabon faifai, ina tafiyar amarya. Na dire, na buɗe.

Madam ta leƙa ƙwaryar.

"Inna, ina sauran?"

"Duka ga shi nan, ko ƙwaya ban taɓa ba."

"Wannan daga wane layi ne?"

"Wane layi kuma? Ai rami guda sunka kwana."

Sai da maganar ta fita daga bakina na ji ta. Na dubi jakunkunan nan huɗu, na dubi ƙwaryata ɗaya. Na zube a kan gwiwa na kama tsince fari gefe, ja gefe, a gaban mazan buro. Madam ta durƙusa ta riƙe mini hannu.

"Bari, Inna. Fararen iri biyu ne, jajayen ma biyu. Ko ni ba ni iya rabe su da ido."

Hajo ta ce daga baya, "Ai aure ta ɗaura masu gaba ɗaya, walima ce munka zo."

An yi dariya, kuma da a nan aka tsaya da na jure. Amma Rabi, wadda ba ta taɓa ɗaga murya a gabana ba, ta matso ta ce a hankali, "To Madam, wanne za ni ba shi?"

Madam ta dubi yaron. Ta ce a ci gaba da ba shi kunun waken da ke akwai, ana kai shi awo. Sanin wanda ya fi kuwa, sai baɗi, in an sake samun iri. Ta naɗe jakunkunanta yadda ta zo da su.

Damina guda na cinye wa yaran unguwa da hannun nan nawa. Yanzu ni ke soya haɗin, in kai niƙa, in dama wa Habu. Duk cokalin da na kai bakinsa sai in ce a raina, Allah Ya sa mai kyan ya faɗo a wannan. Har yau bai bar rawaya ba.

Abin da na koya kaɗan ne, kuma ya zo a makare: in an miƙo miki abu a ƙulli huɗu, ki tambayi dalilin ƙullin kafin ki kwance.